Ina Jiragen Yaƙi Ke Zuwa Bayan An Yi Musu Ritaya?

A watan Fabrairun 2015 wani ƙaton jirgin sama mai ruwan bama-bamai, samfurin B-52, ya tashi daga birnin Tucson na jihar Arizona ya nufi sansanin sojin sama na Barksdale da ke jihar Luwiziyana. Tun farkon shekarun 1960 aka ƙera shi, kuma tun 2008 yake jibge a hamada, tagoginsa da bakin injunansa a liƙe da farar roba. Abin da ya sa aka tuna da shi, gobara ce ta lalata wani ɗan'uwansa a 2014, ga shi kuma ba inda za a sayo sabo, domin kamfanin Boeing ya rufe ƙera B-52 tun 1962. Sai aka koma hamada aka zaɓo mai sauran ƙwari. A 2019 an sake yin haka, aka taso wani ya maye gurbin wanda ya yi hatsari a tsibirin Guwam a 2016. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an san yadda aka ajiye zumar.

Galibin jiragen da ake yi wa ritaya ba lalacewa suka yi ba, da fukafukansu suke zuwa inda za a ajiye su. Wani sa'o'insa ne suka cika. Jikin jirgi yana da iyakar wahalar da zai iya ɗauka, kuma da sa'o'in tashi ake auna ta, ba da shekaru ba. F-16, alal misali, an tsara gangar jikinsa ne a kan sa'o'i 8,000. Duk juyin da matuƙi ya yi da ƙarfi, fukafukan sai sun ɗan lanƙwasa su dawo, a hankali ƙarfen ya gaji, ya fara tsagewar da ido ba ya gani. Wani kuma lafiyarsa lau, kuɗin kula da shi ne ya fi amfaninsa. Wani na'urorin abokan gaba ne suka wuce shi. Wani ma yarjejeniya ce kawai aka sa wa hannu a wani babban birni, aka ce irinsa sun yi yawa.

Mafi girman wurin da ake tara su a duniya shi ne filin da ke jikin sansanin Davis-Monthan a Tucson, ƙarƙashin wata runduna da ake taƙaita sunanta da AMARG. Faɗinsa eka 2,600 ne, jiragen da ke ciki sun haura 3,000, jere sahu-sahu har iya ganin mutum. An buɗe shi a 1946, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare Amurka ta rasa yadda za ta yi da jiragenta. Ta ƙera kusan 300,000 a shekarun yaƙin. Dubbai daga ciki an kai su wurare irin su Kingman a Arizona da Walnut Ridge a jihar Akansas, aka datse su aka narkar, suka koma dunƙulen gorar ruwa. Amma an ware B-29 da C-47 aka kai Tucson aka adana, kuma ba a jima ba aka ga ranar hakan: a 1948 an ɗebo C-47 don jigilar abinci da gawayi zuwa birnin Balin na Jamus da Tarayyar Sobiyet ta datse wa hanya, a 1950 kuma aka ɗebo B-29 zuwa yaƙin Koriya. Tun tsakiyar shekarun 1960 wurin ya zama na dukkan rundunonin Amurka, har da sojin ruwa.

Zaɓen Tucson ba kame-kame ba ne. Babban maƙiyin jirgin da ke zaune shi ne laima, domin ita ke kawo tsatsa ta ci wayoyi. A can ruwan da ke sauka a shekara bai fi milimita 300 ba, iskar a bushe take. Sannan akwai abin da ke ƙarƙashin ƙafa: an ɗan tona kaɗan sai a tarar da wata ƙasa mai tauri kamar an zuba kankare. Jirgi mai nauyin tan 80 zai zauna a kanta shekara da shekaru tayarsa ba ta nutse ba, a ja shi a kai shi wani layin ba tare da an shimfiɗa kwalta ba. Wannan kaɗai ya rage wa gwamnati kuɗi mai yawa.

To amma hamadar ita kaɗai ba ta ajiye jirgi, kuma a nan ne masu kallon hotuna daga sama suke kuskuren fahimta. Jirgi na sauka, abu na farko a cire duk abin da zai iya fashewa ko ya tona asiri: bindigogi, albarushin da ke cilla kujerar matuƙi waje, da na'urorin sirri. Sai a wanke shi tas, musamman na sojin ruwa waɗanda suka sha iskar gishiri a kan teku. Sai a tsiyaye man da ke cikinsa, a ɗura wani mai maras kauri, a tayar da injin har man ya ratsa kowane bututu da kowane famfo, sannan a sake tsiyayewa, ya bar ɗan maiƙo a jikin komai. Daga nan a bi duk wata kafa a toshe: bakin injin, tagogi, wuraren da faranti ya haɗu da faranti. Ana fesa baƙar roba tukuna ta hana ƙura da ruwa, a bi ta da fara a sama ta mayar da zafin rana. Ba don farar ba, cikin jirgin da ke rufe a ranar Arizona zai yi zafin da zai ƙona roba ya fasa na'urori. Robar kuma ana iya ɓare ta da hannu ranar da aka tashi buƙata. Waɗanda ake sa ran za su sake tashi, duk bayan shekara huɗu sai an buɗe su an sake wannan hidimar daga farko.

Ba duka ake yi wa gata ɗaya ba. Akwai waɗanda ake ajiyewa cif, an hana a taɓa ko ƙusa a jikinsu sai da izini daga sama; B-52 ɗin nan na 2015 a cikinsu yake. Akwai waɗanda zaman jira suke na ɗan lokaci, ana tayar da injinsu a kai a kai, ko mai saye ake jira ko umarni. Akwai waɗanda an gama da su, sai 'yan gwangwan. Sai kuma waɗanda aka ware don a riƙa kwance musu kaya, kuma a ganina saboda su ne wurin ya cancanci kuɗin da ake kashe masa.

Duk wanda ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna neman kayan tsohuwar mota ya san lissafin: motar da kamfani ya daina yi, gawar 'yar'uwarta ce ke riƙe da ita a kan titi. Haka abin yake ga jirgin yaƙi, sai dai kuɗin ya ninka sau dubu. Jirgin A-10 an daina ƙera shi a 1984, KC-135 mai ba jirage mai a sama an daina tun 1965, amma sun ci gaba da aiki shekaru da dama bayan haka. Idan wani ƙarfe a ƙafar saukar KC-135 ya tsage, kamfanin da ya yi shi wataƙila ya rufe tun kafin a haifi bakaniken da ke neman sa. A ce a sake ƙera guda ɗaya, sai an nemo zane, a haɗa injin bugawa, a gwada, a jira watanni. A Tucson kuwa saƙo ake aikowa da lambar kayan, ma'aikata su duba rajista su ga wane jirgi ke da shi a wane layi, su je da mota da akwatin sifana su kwanto, a duba lafiyarsa, a naɗe a aika. Abin da ya raba wannan da kasuwar gwangwan shi ne takarda. Kowane muhimmin kaya yana da tarihinsa a rubuce: yaushe aka ɗaura shi, sa'a nawa ya yi a sama, wa ya duba shi. Kayan da takardarsa ta ɓata, ko da yana sheƙi, ba injiniyan da zai yarda ya sa hannu a ɗaura shi.

Wannan lissafin ne ya sa Amurka ta sayi jiragen Harrier 72 daga Birtaniya a 2011, a kan kusan dala miliyan 180, bayan Birtaniya ta yi musu ritaya a ƙarshen 2010. Ba don ta tashe su ta saya ba, don ta ciyar da nata Harrier ɗin da kayansu ne. 'Yan Birtaniya da dama sun yi ta ƙorafin an yi gwanjon dukiyarsu, ganin ba a daɗe da kashe maƙudan kuɗi wajen sabunta jiragen ba.

Akwai kuma jiragen da ake lalatawa da gangan alhali suna da sauran amfani, kuma a nan siyasa ce ke magana. Bayan Amurka da Tarayyar Sobiyet sun sa hannu a yarjejeniyar rage makaman nukiliya ta START a 1991, an yanke hukuncin hallaka B-52 guda 365. Yadda aka yi shi abin kallo ne. Injin ɗaga kaya ne ke ɗaga wata wuƙar ƙarfe mai nauyin kusan tan 6, ya sake ta a kan jirgin, ta datse fukafukai, ta raba gangar jiki. Ba a kwashe gutsattsarin nan take. Sai an jera su a fili an bar su kwana 90, domin taurarin ɗan'adam na Rasha su wuce ta sama su ɗauki hoto su ƙirga. Daga baya aka koma yanka da zarto, saboda wuƙar tana ragargaza har kayan da za a iya mora.

Yukren ma ta yi irin wannan, amma nata ya zo da ƙarshe mai ɗaci. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje ta gaji jiragen Tu-160 guda 19. An datse wasu da kuɗin Amurka, an bar ɗaya a gidan tarihi na Poltava, takwas kuma ta miƙa wa Rasha daga ƙarshen 1999, haɗe da Tu-95 guda uku da ɗaruruwan makamai masu linzami, a madadin bashin iskar gas. A lokacin ana ganin ta rabu da kaya masu cin kuɗi ne. Daga 2022 irin waɗannan jiragen ne Rasha ke harbo wa biranen Yukren makamai da su.

Labarin F-14 ya fi kowanne nuna yadda ƙaramin kayan gyara ke zama makami. A shekarun 1970, zamanin Sarki Shah, Iran ta karɓi F-14 guda 79 daga Amurka, kuma ita kaɗai ce ƙasar waje da aka sayar wa. Da juyin juya halin 1979 ya zo aka yanke mata kayan gyara, sai ta koma kwance wannan ta gyara wancan, tana kuma sa dillalai suna tsinto mata kaya a ɓoye, har daga gwanjon rarar kayan sojin Amurkar kanta. Sojin ruwan Amurka sun yi wa nasu F-14 ritaya a 2006. A 2007 aka hana sayar da kayansa, aka kawo injunan niƙa suka mayar da mafi yawan jiragen ƙananan gutsattsari. Waɗanda aka bar wa gidajen tarihi ma sai da aka yashe cikinsu. Ga jirgin da kowane ɗaya ya ci miliyoyin daloli, amma an gwammace a niƙe shi da a bar wani ɗan famfo ya isa Tehran.

Wasu kuma mutuwar soja ake ba su. Shekaru da yawa Amurka tana ɗauko tsofaffin F-4 daga hamada, ta sa musu na'urar sarrafawa daga ƙasa, ta shafa wa jela da bakin fukafukansu jan fenti mai ruwan lemo, ta tashe su ba matuƙi don a gwada sababbin makamai masu linzami a kansu. Da F-4 suka ƙare a 2016, F-16 suka karɓa. Na farkonsu ya tashi ba kowa a ciki a watan Satumban 2013 a jihar Fulorida. Ba kowane gwaji ake kakkaɓo jirgin ba, wani yakan fita sau da yawa ya dawo kafin ranarsa ta zo. Cana ta mayar da tsofaffin J-6 jirage marasa matuƙa, Azabaijan kuma a yaƙin Karabak na 2020 ta riƙa tura tsofaffin An-2 ba matuƙi don makaman kariyar Armeniya su harbe su, su tona inda suke ɓoye.

Sai kasuwar na hannu, wadda ita ce ta fi shafar ƙasashe irin namu. Abin da wata ƙasa ta yi wa ritaya shi ne sabon jirgin wata. Indunisiya ta karɓi F-16 guda 24 da aka ɗebo daga Tucson aka sabunta. Ajantina ta sayi 24 daga Denmak a 2024. Romaniya ta saya daga Fotugal da Nowe, Kenya ta sayi F-5 daga Jodan. F-16 ɗin da Yukren ta fara karɓa a 2024 waɗanda Holan da Denmak suka sauke ne bayan sun koma F-35. Har kamfanoni masu zaman kansu sun shigo: ATAC ya sayi Mirage F1 guda 63 daga Faransa a 2017, Top Aces ya sayi F-16 daga Isra'ila, kuma sana'arsu ita ce gwamnati ta ɗauke su haya su fito a matsayin abokan gaba lokacin atisaye. Sai dai jirgin da Amurka ta ƙera ba ya canza hannu sai Washinton ta amince, ko da a hannu na uku yake. Mai jirgi yana da jirgi, amma izinin sayarwa na wani ne.

Araha kuma ba ta ado. Mai sayen tsohon jirgi sauran sa'o'insa ya saya, kuma in bai san wahalar da jirgin ya sha a baya ba, to caca yake. A watan Yunin 2002 wani C-130 da ya bar aikin soja ya koma kashe gobarar daji a Kalifoniya, yana cikin zubar da maganin wuta fukafukansa biyu suka ɓalle, mutum uku da ke ciki suka mutu. Bincike ya gano tsohuwar tsagewa ce a ƙarfen fiffiken. An ƙera jirgin tun shekarun 1950.

Najeriya ta ɗanɗani ɓangarorin biyu. A tsakiyar shekarun 1980 ta sayi jiragen Jaguar 18 daga Birtaniya, sababbi fil. Zuwa farkon shekarun 1990 an ajiye su saboda tsadar kulawa da rashin kayan gyara, ba su ci ko kusa da sa'o'insu ba, kuma ba su sake tashi ba. Jiragen Alpha Jet kuwa, waɗanda aka sayo a farkon shekarun 1980 musamman don horar da matuƙa, sun yi yaƙi a Laberiya da Saliyo, an farfaɗo da su sun yi na Boko Haram. Abin da ya taimake su, ƙasashe da yawa sun yi amfani da irinsu, Jamus ta sauke nata da yawa tun shekarun 1990, don haka akwai gawarwakin da za a ci da kuma na hannu da za a ƙara. Darasin da nake gani a nan na ranar saye ne: kafin a tambayi gudun jirgi, a tambayi nawa aka ƙera irinsa, su wa ke da shi, kuma wa zai sayar maka da kayansa ranar da kuka ɓata da mai shi. Na biyu, faka jirgi a gefen titin sauka a ƙarƙashin damina da ƙurar hunturu ba ajiya ba ce. Shekara kaɗan roba za ta bushe, ruwa ya shiga, tsuntsaye su yi sheƙa a bakin injin, daga nan ko mai sayen kayan gyara ba zai taya da daraja ba.

Iraƙi ta kai wannan kuskuren ƙarshe. Kafin mamayar 2003 sojojin Saddam Husaini sun binne jiragen MiG-25 da Su-25 a cikin rairayi a sansanin Taƙaddum, da fatan tono su bayan ƙura ta lafa. Da sojojin Amurka suka tono su, yashi ya shiga ko'ina. A Afganistan kuma ɓarnar ta Amurka ce da kanta. Ta kashe dala miliyan 486 a kan tsofaffin jiragen dakon kaya samfurin G222 guda 20, waɗanda Italiya ta yi wa ritaya aka yi musu kwaskwarima. Kayan gyara suka gagara, jiragen suka zauna a filin jirgin Kabul ciyawa na fitowa a gindinsu. A 2014 aka sayar da 16 daga ciki a matsayin gwangwan a kan kusan dala 32,000 gaba ɗaya. Ko ƙasar da ta mallaki Tucson, ranar da ta sayi tsohon jirgi ba ta tanadi mai ciyar da shi ba, asara ta tafka.

Narkarwar ma ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato. Jikin jirgin yaƙi cike yake da abubuwa masu cutarwa: fenti mai guba, ragowar mai, wani lokaci har da sinadarai masu tururin nukiliya a cikin tsofaffin agogunan matuƙi. Ostireliya ta yi wa F-111 ritaya a 2010, kuma saboda akwai asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu, a gam ɗin da aka manne jikinsu da shi, aka lissafa aka ga kuɗin raba shi da ƙarfen ya fi kuɗin ƙarfen. A 2011 aka haƙa rami a wata bola kusa da Ipswich a jihar Kwinslan aka binne gangar jiki 23. 'Yan ƙalilan ne ke samun kyakkyawan ƙarshe. Enola Gay, jirgin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ya yi zama a Tucson kafin ya koma hannun gidan tarihi na Smithsonian. Wasu ana kafa su a kan ginshiƙi a ƙofar bariki. Jodan ta nutsar da wani C-130 a tekun Aƙaba a 2017 don kifaye su samu maɓoya, masu ninƙaya su samu abin kallo.

Jiragen da ake ƙerawa yanzu za su fi ba da wahala idan nasu lokacin ya zo. Kaso mai yawa na jikinsu ba gorar ruwa ba ce, zaren kabon ne da aka daskarar da gam, wanda ba ya narkewa ya koma dunƙulen da za a sayar. Masu ɓoye wa na'urar hango jirage kuma fatar jikinsu kanta sirri ce. Shi ya sa da aka yi wa F-117 ritaya a 2008 ba a jera su a filin Tucson ba, aka mayar da su rumfunansu na Tonopah a jihar Nebada aka kulle, kuma har bayan ritayar an ci gaba da ganin wasu a sama suna aikin gwaji da atisaye. Duk wanda za a ba gidan tarihi sai an kankare masa fatar tukuna. F-22 kuwa doka ta hana sayar da shi ga kowace ƙasa tun 1998, kuma ƙasa da 200 aka ƙera kafin a rufe layin. Ba shi da kasuwar na hannu, ba shi da tarin 'yan'uwan da za a ci gawarsu. Da rundunar sojin sama ta nemi ta sauke tsofaffin cikinsu, sama da 30, don ta rage kashe kuɗi, majalisar dokoki hanawa ta yi.